Alendronate 70: maganin ƙashi mai kyau, amma ba kowace mace ce za ta fara da shi ba

Mace ta kai shekara 41 ko 42 al'ada ta ɗauke mata, baya ya fara ciwo, sai a rubuta mata ordonas na alendronate, maganin zaizayewar ƙashi, ƙwaya ɗaya a mako. A farmasi za ki same shi da sunan Fosamax ko acide alendronique, miligiram 70, galibi ƙwaya 4 a kwali, wato na wata guda. Tun 1995 ake amfani da shi a Amurka. Aikinsa rage gudun ƙwayoyin halittar jiki da ke cinye tsohon ƙashi, kuma ga matan da suka riga suka samu karaya a ƙashin baya yana rage haɗarin wata karayar da kusan rabi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a ganina, macen da al'adarta ta tsaya kafin shekara 45, balle kafin 40, ba shi ne farkon abin da ya kamata ta tattauna da likita ba. Abin da jikinta ya rasa istirojin ne, sinadarin jikin mace da ke raguwa idan al'ada ta ɗauke, kuma mayar mata da shi har zuwa kusan shekara 50 yana kare ƙashin, ya kuma sauƙaƙa zafin jiki da gumin dare, abin da alendronate ba ya taɓawa. Wadda ta yi sankarar mama ko jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ita ce ba a ba istirojin, a nan alendronate yake da gurbi. Haka wadda ta karye daga ƴar faɗuwa a tsakar gida, ko awon ƙarfin ƙashi na DXA ya nuna -2.5 ko ƙasa. Hoton radiyo (X-ray) na yau da kullum ba ya nuna zaizayewar sai ta yi nisa. Mai sauran fatan haihuwa kuma ta faɗa wa likita tun farko, domin maganin yana zama cikin ƙashi shekaru.

Inda aka fi yin asararsa wajen sha ne. Abin da hanji ke tsotsa daga ƙwayar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma fura da nono, shayi, kafe ko koko suna iya tare wannan ɗan kaɗan ɗin. A sha da safe, ciki wayam, da ruwa zalla cike da kofi, kamar mililita 200. A haɗiye ɗungum, ba tauna ba tsotsa. Daga nan minti 30 babu ci, babu wani magani, babu kwanciya. In ƙwayar ta maƙale ko ta dawo sama, hanyar abinci take ƙonawa. Shi ya sa tsarin da ya fi dacewa da matan Damagaram shi ne ki fara sallar asuba, ki gama ruku'u da sujada, sannan ki sha, ki zauna a miƙe kan darduma da carbinki. Sharar tsakar gida da gajeren tsintsiya ta jira. Da azumi ki tashi rabin awa kafin sahur, kada ki koma shimfiɗa sai kin ci abinci.

In kin manta ranarki, ki sha washegari da safe, ki koma kan ranar da kika saba. Ƙwaya biyu a rana ɗaya, a'a.

Kafin ƙwayar farko a auna ƙoda da kalsiyam na jini, a kuma ga likitan haƙori. In akwai haƙorin cirewa a cire shi tukuna, saboda a wasu ƙalilan raunin muƙamuƙi yakan ƙi warkewa. Mai wahalar haɗiya ko wadda ba ta iya zama minti 30 kada ta sha. Sabon zafin ƙirji, ciwo wajen haɗiya, ko ciwon cinya da ya ƙi tafiya, a dakata a koma asibiti. Diclofenac da ibuprofen da ake sha don ciwon baya suna ƙara wa ciki wahala idan an haɗa.

Maganin ba ya kawo kayan ginin da kansa. Jiki na son kalsiyam miligiram 1000 zuwa 1200 a rana da bitamin D. Kalsiyam ɗin ana samun sa a kindirmo, cuku, zogale, riɗi, miyar kuka, amma duk bayan rabin awar nan. Abin da ke damuna matuƙa shi ne ƙwayoyin ƙiba irin dexamethasone da ake saye hannun masu talla; su kansu suna cin ƙashi, mace tana gyara ta nan tana rushewa ta can. Shi ma alendronate ɗin a saye shi a farmasi, a ajiye shi a wuri mai sanyi, domin ba a so ya wuce digiri 30, zafin Afrilu da Mayu a Zinder kuwa ya zarce 40. Bayan shekara 5 a sake zama da likita a duba ko za a ci gaba ko a huta.