Manhajar buga rasit da nake amfani da ita, bayan mai ita ya yi shiru

Aikina a nan Damagaram haɗa wa masu kantuna kwamfuta da firinta ne, in kuma koya wa yaran shago yadda za su shigar da kaya da kuɗi. Yawancin waɗanda nake yi wa aiki suna bakin kasuwar Dole, sauran a Zango da Sabon Gari. Tun 2021 wata ƴar manhaja guda nake saka musu ta buga rasit, kuma har yau ban ga wadda ta kai ta sauƙi ba. Mutum ɗaya ne ya rubuta ta da Python, wani harshen rubuta manhaja, can ƙasar Turai, ya ajiye ta kyauta a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, da lasisin MIT mai ba kowa damar amfani da ita da gyara ta.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne ba ta neman intanet, ba ta kuma wahalar da tsohuwar kwamfuta. Idan kuran ya ɗauke ana tsakiyar ciniki, da ya dawo lissafin ranar yana nan yadda aka bar shi. Tana aiki da ƙananan firintocin nan masu ƙona takarda, na milimita 58 da na 80. Aibinta biyu ne tun farko. Tana rubuta 1500,00 alhali sefa ba ta da ɗigo, ga mutanenmu da dala suke ƙirge (dala ɗaya sefa biyar ce), kana cewa ɗari uku takarda na nuna wasu sifirori, sai gardama ta tashi. Na biyu, haruffanmu masu ƙugiya ba sa fitowa, duk inda ƙ ko ɗ take sai alamar tambaya.

Mai ita ya daina taɓa ta tun ƙarshen 2022, ni kuwa ban lura ba, tunda abu na aiki. Sai a 2024 da na sabunta kwamfutar wani kantin kayan masarufi zuwa Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Daren Laraba na yi aikin, washegari Alhamis ranar kasuwa. Da hantsi Alhaji ya kira ni: "Malam, abin nan naka ya ƙi tashi, ga mutanen ƙauye a tsaye da buhunansu." Na hau kabu-kabu na zo na tarar da yaronsa yana rubuta rasit da biro a bayan kwalin sukari. Ranar haka aka wuni. Laifina ne da ban gwada a gida ba kafin in taɓa ta kanti.

Da dare na gano dalilin. Ubuntu 24.04 da Python 3.12 take zuwa, wanda ya fito a Oktoban 2023, kuma a cikinsa aka cire wani tsohon sashe mai suna distutils. Ba su yi shi a ɓoye ba, tun Python 3.10 a 2021 suka sanar cewa za a cire. Manhajar tamu kuwa da shi take jingine. Gyaran bai kai layi goma ba, kuma wani ya riga ya yi shi ya aika wa mai ita watanni da suka wuce, yana nan ajiye babu wanda ya karɓa. A ƙarƙashinsa mutane sun yi ta faɗa, wasu har da baƙar magana. Wannan ya ɓata mini rai. Bawan Allah ya ba ka aikin darensa kyauta, lasisin ma ya faɗa da manyan baƙaƙe cewa babu lamuni ko kaɗan, sannan ka zo kana masa tsawa kamar ka ɗauke shi aiki? Na rubuta masa wasiƙa da Faransanci da ɗan Turancin da nake da shi, na gode masa, na ce zan taimaka in yana so. Har yanzu shiru.

Sai na yi abin da lasisin ya yarje mini, na ɗauki kwafinta zuwa akwatina a GitHub, abin da masu wannan aiki ke kira fok. Sharaɗin MIT ɗaya ne, a bar sunan mai ita da rubutun lasisin a ciki, na kuwa bari. Dannawa ɗaya ce. Wahalar tana gaba, wajen zaɓen gyare-gyaren da mutane suka tara. Na zauna na karanta su layi-layi na dare huɗu. Uku na karɓa. Ɗaya na ƙi, domin bayan gyaran da ya yi ya ƙara wani layi mai janyo fayil daga wani adireshin da bai yi bayaninsa ba. Wataƙila da kyakkyawar niyya ya yi, amma lissafin kuɗin mutane ke cikin kwamfutocin nan. Kuma a watan Maris na 2024 aka bankaɗo abin da ya faru da xz, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux: wani ya shafe wajen shekara biyu yana taimakon mai kula da ita wanda gajiya ta kama, har ya samu amana, sannan ya dasa ƙofar ɓoye ta shiga kwamfutocin mutane. Injiniya Andres Freund ne ya gano, saboda ya lura shigarsa wata kwamfuta ta ƙara jinkirin rabin daƙiƙa. Tun daga nan duk gyaran da ban fahimta ba ba ya shiga kantin kowa ta hannuna.

Akwai abin da fok bai magance ba. Sunan manhajar a rumbun PyPI, inda ake sauke manhajojin Python, yana hannun mai ita, saboda haka duk wanda ya sauke ta ta hanyar da aka saba, tsohuwar mai matsala zai samu. Rumbun yana da ƙa'idar neman sunan da aka yi watsi da shi, PEP 541, amma zuciyata ba ta kwanta da in karɓi sunan mutum yana iya dawowa gobe ba. Tawa nake yawo da ita a kile, wato filashi, tare da takardar da na rubuta sigar kowane sashe da take buƙata. Mutane na kawo misalin LibreOffice, manhajar aikin ofis da ta balle daga OpenOffice a 2010 ta ci gaba, sai dai su jama'a ne da gidauniya a bayansu. Mu biyu ne, ni da ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou, wanda na ba izinin shiga akwatin don kada abin ya sake rataya a wuyan mutum ɗaya.

Mai kanti da ke da wanda zai duba masa manhajar ko sau biyu a shekara, ina ba shi shawarar ya ɗauke ta, za ta yi masa aiki fiye da wasu na kuɗi da na gwada. Wanda ba shi da kowa, ya bar kwamfutarsa yadda take, kada ya sabunta sai ya nemi wanda ya sani.

Sifirorin nan biyu na cire su tun a makon farko. Haruffan ne suka ɗauke mu lokaci, domin firintocin ba su da su a cikin ƙwaƙwalwarsu, sai da ƙanena ya sa manhajar ta mayar da layin sunan kanti hoto kafin ta aika. Rasit yana ƙara daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ya fito. Makon jiya muka saka wa wani tela a Birni, ya yage ta farko ya duba, kalmar ɗinki ta fito da ƙugiyarta, ya liƙa ta a jikin kekensa.