Mai wayarin na Agege ya kama abin da ke shanye min batir, amma ina da ƙorafi

A duk masu wayarin da na taɓa kai wa mota a garin nan na Legas, wannan bawan Allah na Agege shi ne na farko da na ga ya ɗauko mita kafin ya ɗauko sifana. Wannan kaɗai ya isa in yaba masa, duk da dai akwai abubuwan da ya yi min da har yanzu suna min ciwo, zan zo kansu.

Motar Corolla ce tokunbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, otomatik, a hanya ba ta da wata matsala. In dai kullum ina hawanta daga gida zuwa Mile 12 in dawo, lafiya lau, ki ɗaya take tashi. Amma in na kuskura na ajiye ta ƙarshen mako, ko na yi tafiya Arewa na bar ta a gida, to shikenan, in na dawo ko rimot ba ya buɗe ƙofa, in murɗa ki sai dai in ji ƙas ƙas ƙas, fitilun dashbod su yi dishi-dishi su mutu. Ga ta otomatik balle a ce yaran layi su tura. Sai dai in bi maƙwabta ina sallama da sassafe ina neman mai wayar jona batir, har na fara jin kunyar wani Bayarabe da ke kallon gidanmu, don da ya hango ni tafe yake miƙewa ya ɗauko wayar tun ban buɗe baki ba.

Kafin in kai ga wannan mutumin ba inda ban je ba. Wani yace batir ne ya gama aiki, na shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo na sayo sabo dal, kun dai san kuɗin batir yanzu ba sai na faɗa ba. Ko wata bai rufa ba aka koma gidan jiya. Wani kuma yace altaneta ce, wato mai yi wa batir caji, wai gwajin da zai yi shi ne ya zare kan batir mota na kunne ya ga ko za ta mutu, ya zare ba ta mutu ba, sai yace to ba ita ba ce, ya karɓi kuɗin dubawa ya sallame ni. Wani ko bonet bai buɗe ba yace ruwan damina ne ya shiga wayoyi, in kuma ba shi ba ne to birenbos ne, wato kwamfutar mota, in kawo kuɗi a nemo wani. Ƙarshe dai shawarar da kowa ke ba ni ita ce in riƙa cire kan batir in zan kwanta. Haka na koma yawo da sifana lamba 10 a mota, kullum da safe mutum ya sha farar shadda ya tsaya yana ɗaure kan batir, agogon mota ya koma sifili, tashoshin rediyo duk sun goge. Wannan ai ba rayuwa ba ce.

Wani abokin kasuwancina mai albasa ne yace in gwada mutuminsa. Mai wayarin Bakatsine ne amma girman Legas, wajen nasa ba wani waje ba ne, rumfar kwano ce da tebur cike da tsofaffin wayoyi. Abin da ya fara burge ni tambaya ya yi. Yace “Alhaji, tun yaushe ta fara, kuma me aka ƙara wa motar nan wanda ba da shi ta zo ba?” Nace tiraka ce kawai, mai nuna inda mota take, sai rediyon nan mai allo da ƙaramin amfilifaya da aka sa min a ƙarƙashin kujera. Bai ce komai ba ya gyaɗa kai.

Ya ɗora mita a kan batir mota na kashe, ta nuna 12.4. Yace lafiyayyen batir da ya cika ya huta 12.6 yake nunawa, in ya sauko 12.2 rabi ne ya rage, in ya yi ƙasa da 12 kuwa ana iya cewa babu komai a ciki. Na tayar da mota, mita ta haura 14.1, ya kunna esi da manyan fitilu ba ta wani faɗi ba, yace altaneta tana caji, daga 13.8 zuwa 14.5 duk daidai ne. Da na ba shi labarin mai zare kan batir mota na kunne sai ya riƙe baki, yace Allah ne ya tsare, don batir shi ke daidaita wutar da altaneta ke turowa, in aka zare shi wuta na iya yin tsalle ta ƙone birenbos ɗin da ake cewa in saya. Ya kuma ce cajin da take yi bai wanke ta gaba ɗaya ba, akwai dayod a cikinta, in ɗaya ya lalace sai ta yi caji da rana ta riƙa janye wutar da dare.

Daga nan aka shiga ainihin aikin, kuma nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Ya sa na kashe mota na zare ki. Ya buɗe ƙofar direba ya sa sukundireba ya danna maƙullin jikin ƙofar, wai don mota ta ɗauka a rufe take, fitilar ciki ta mutu shi kuma ya samu hanyar kaiwa ga fiyus. Ya kwance kan batir na baƙar waya, ya juya mitar zuwa wajen 10A, inda ake auna yawan wutar da ke fita, ya sa baki ɗaya a jikin batir ɗaya a jikin wayar da ya cire, ya zama duk wutar da za ta fita sai ta bi ta cikin mita. Ya ja min kunne kar in taɓa ki, in na yi kik fiyus ɗin mitarsa zai tashi. Sai kawai ya wanke hannu yace mu je mu yi la'asar. Nace Malam aikin fa? Yace motocin yanzu ba sa barci da an kashe su, sai an ba su kamar minti 20 zuwa 30 kwamfutocin ciki su kwanta, in ka auna kafin nan ƙarya mita za ta yi maka. Wallahi a raina na ɗauka irin jan lokacin nan ne na masu gareji don aiki ya yi kama da mai wahala.

Muka dawo, mita tana kan 0.6 ba ta motsa ba. Yace motar da ke lafiya in ta yi barci bai kamata ta wuce 0.05 ba, wannan na agogo da rimot da ƙwaƙwalwar kwamfuta ne. Ya ɗauki biro a bayan kwalin fiyus ya yi min lissafi, 0.6 sau awa 24 ya haura 14 a kwana ɗaya, batirina kuma duka-duka 60 yake ɗauka, kuma tun kafin ya ƙare tas ƙarfin juya kik ya tafi. Yace randa ce mai yoyo, in kana zuba ruwa kullum ba za ka lura ba sai ranar da ka yi tafiya. Ga goslo ɗin Legas, mota a tsaye esi na aiki, cajin da ake samu ma ba wani mai yawa ba ne.

Ya fara zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, yaronsa na kallon mita yana kiran lamba. Ya zare, ya saurara, ya mayar. Ya gama da akwatin cikin inji ya kwanta a ƙasan sitiyari ya bi na ciki. Babu wanda ya sauke lambar nan. Ni har na fara cewa ga irinta nan, yanzu zai ce birenbos. Ya cire wayar altaneta mai kauri, nan ma shiru, sai a lokacin yace to yanzu ta wanku. Ya zare tiraka, abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Sai ya tsaya yana kallon kan batir na jar waya, ya yaye robar da ta rufe shi, ya sa yatsa ya zaƙulo wata siririyar waya da aka naɗe da baƙin salatif aka cusa ta ƙarƙashin manyan. Yace “Alhaji, wannan ba ta kamfani ba ce.” Yana zare ta mita ta faɗo 0.03. Yaron har ihu ya yi.

Ya bi wayar nan har bayan dashbod. Ashe wanda ya haɗa min rediyo ya ga neman wayar ki wahala ne, sai ya janyo wuta kai tsaye daga batir, ko fiyus bai sa mata ba, shi ya sa zare fiyus bai nuna komai ba. A bayan irin wannan rediyon akwai waya rawaya da ke son wuta kullum don kar ya manta tashoshi, akwai ja wadda sai an murɗa ki take samun wuta, ita ce ke gaya masa ya kwanta. Shi gogan naka sai ya murɗe su waje guda. Ni kuma kullum in na tsaya maɓalli nake dannawa allo ya yi baƙi, na ɗauka haka irinsa yake, ashe cikinsa ido biyu yake kwana, kuma yana riƙe da amfilifaya a kunne. Ya mayar da wayar na ɗan lokaci yace in sa hannu ƙarƙashin kujera, na taɓa na ji ɗumi, mota a kashe ki a aljihuna. Yace in gode Allah batir kaɗai ta ci, waya marar fiyus da ta goga da ƙarfe ta yage, wuta za ta kama. Ya raba wayoyin, ya kai ja inda ya dace, ya sa fiyus kusa da batir. A wannan yammacin da za a ce in ba shi maki, cikakke zan ba shi ba ragi.

To amma da aka zo biya sai labari ya canza. Mun yi ciniki tun farko, ashe wai wancan kuɗin dubawa ne, na gyara daban, na fiyus da salatif daban, ga kuma na yara. Nace haba Malam, ai da sai ka faɗa tun kafin ka kwance dashbod. Yace “Alhaji kai ma ɗan kasuwa ne.” Na biya dai don na ga aiki, amma ban ji daɗi ba. Sai a hanyar komawa na ji wani kar kar kar a gaban mota, ashe yaron ya karya kilif ɗin murfin rediyon wajen ɓamɓarowa ya lallaɓa ya mayar bai faɗa ba, yanzu duk ramin da na faɗa sai ya amsa, kuma kun san hanyoyin cikin unguwa da damina. Wajen zama ma babu, a kan tsohuwar taya na wuni ƙafafuna cikin taɓo.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na baya. Na yi tafiya Kano hankalina kwance har ina ba mutane labarin an gama da matsala, na dawo na murɗa ki, ƙas ƙas ƙas. Na kira shi ya fi a ƙirga bai ɗauka ba. Da na samu aka jona min na kai masa, ya sake aunawa, 0.03 ɗin nan tana nan, wato gyaransa bai tashi ba. Ya sa na yi kik yana kallon mita, ta zube har wajen 8, yace lafiyayye bai kamata ya yi ƙasa da 9.6 ba. Sai cewa ya yi ai dama batirin ya riga ya ji jiki, batirin mota in ya sauka ƙasa tas sau da yawa farantan cikinsa suna yin dafi su daina riƙe caji, ko sabo ne. Dama? To in ka san da haka me ya hana ka faɗa min ranar, ga mita a hannunka, gwajin da bai kai minti ɗaya ba? Da na sani ai da ban bar wa iyali mota na tafi da sunan in wani abu ya taso cikin dare akwai abin hawa ba. Yace ya ga na kashe kuɗi da yawa ne bai so ya ƙara min damuwa. Wannan ba tausayi ba ne a wajena.

Kuma bai gama rufe baki ba ya ɗauko waya zai kira wani abokinsa mai batir ya kawo min, har da cewa zai sa a yi min ragi. Nace a'a na gode. Na ɗauki risit na koma wajen wanda ya sayar min, shi kuma yace garanti ba ta shafi batirin da mota ta kashe ba, muka yi ta sa-in-sa har maƙwabtansa suka taru, ƙarshe dai tsohon ya karɓa ya rage min wani abu a kan sabo. Batir na biyu kenan saboda waya ɗaya da wani ya yi ƙyuyar nema. Shi wancan mai haɗa rediyon ban ma koma wajensa ba, don na san in na je ba za mu rabu lafiya ba.

Yanzu dai mota tana kwana tana wuni a ajiye ta tashi ki ɗaya, sifana ta koma but. In matsalarka irin tawa ce, batir na mutuwa mota a tsaye, zan ce ka je wajensa, a gano ciwo dai ban ga kamarsa ba a yankin nan. Amma ku gama magana a kan kuɗi duka tun kafin ya taɓa komai, ka tsaya a kan yaron in zai ɓamɓari roba, kuma ka ce lallai ya gwada maka ƙarfin batirin da kik kafin ka bar wajen, don shi ba zai faɗa da kansa ba. Kilif ɗin dashbod har yau bai sa min ba, yace in zo ranar Lahadi, ranar Lahadi kuma ba ya buɗewa.