Gyaran tsohuwar majami'armu ta Methodist: yadda na ga aikin maginan

Bayan damina biyu muna jera bokitai a tsakanin bencuna saboda yoyo, kwamitin ikilisiyarmu da ke kudancin birnin Kaduna ya ba wani ƙaramin kamfanin gini aikin gyaran majami'ar. Da yake ina cikin waɗanda suka sa ido a kan aikin, na ga ya kamata in faɗi abin da na gani, domin masu irin wannan tsohon gini su san inda za su sa ƙafa.

Dattawanmu sun ce ma'aikatan jirgin ƙasa 'yan kudu ne suka kafa wurin, kuma maganar ba ta saɓa wa tarihi ba, tunda ɗariƙar ta shigo ƙasar nan ta Badagry a 1842 ta hannun ɗan mishan Thomas Birch Freeman, daga baya layin dogo ya kawo mabiyanta arewa, musamman bayan Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917. Ginin kuwa ɗaki ne guda mai tsawo, ba ado, ba gumaka, sai mumbarin katako a gaba da tagogi dogaye hagu da dama. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar, ya so ɗakunan wa'azinsa a Ingila su kasance marasa ado haka, wato wurin da na bayan sahu zai ji mai wa'azi sarai, kuma muryar jama'a ta cika ɗaki idan an ɗauki waƙa.

A nan ne kafintan kamfanin ya burge ni. Da wasu matasanmu suka nemi a sauke silin ɗin katako a sa na roba, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tafa hannu sau ɗaya, ya ce, "Baba, ku saurara, wannan katakon shi ne lasifikarku tun kafin a kawo lantarki." Ya bi sandunan rufin ɗaya bayan ɗaya da bakin guduma, ya cire waɗanda gara ta ci kaɗai, ya shafa wa sauran magani, sannan ya ɗora sabon kwano ba tare da ya rage tsayin rufin ba. Ruwan Agusta ya zo ya wuce, ko ɗigo ba mu gani ba.

Aikin birkilolin ne bai yi mini daɗi ba. Sun shafa wa bangon ciki fentin mai, alhali tsohon bango yana bukatar ya sha iska, ga shi yanzu danshi ya fara kumbura fentin daga ƙasa, kusa da inda zumuntar mata ke ajiye tukwanen kiɗansu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yaɓen simintin da suka kai har kan dutsen harsashi, wanda sai da muka yini da burushin ƙarfe kafin rubutunsa ya sake fitowa, harafi biyu kuma sun tafi ke nan.

Kuɗinsu bai yi tsada ba, sun kuma gama kusa da ranar da suka yi alkawari. Zan iya ba da shaidarsu a kan rufi da aikin katako, amma duk wanda zai ba su bango, ya rubuta irin fentin a takardar yarjejeniya, ya kuma rufe dutsen harsashinsa da buhu tun kafin su kwaɓa siminti.