Na je a cire mini haƙori, na dawo da abina

Wata uku ina fama da turmin haƙorina na ƙasa, ɓangaren hagu. Ruwan sanyi na taɓa shi sai in ji har cikin kunne. Na tauna kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri, wani abokina ma ya ce in je a fitar mini da tsutsa. Rannan ciwon ya ɗauke cak, na yi hamdala. Ashe jijiyar ce ta mutu. Bayan sati biyu kuncina ya haye kamar na ƙunsa goro.

A wani asibitin haƙori a Kano, likita ta ɗauki hoto, ta nuna mini wani duhu a ƙarshen saiwar, ta ce mugunya ce ta taru. Na ce, "Likita, a cire kawai in huta." Ta ce, "Malam, wannan zai tsira. In aka bar giɓi, na gefensa za su karkato, na sama ya zazzago." Na amince a yi wankin jijiya.

Allura ta fara yi mini a dasashi, kuma ita kaɗai na ji zafinta. Ta huda haƙorin ta sama, ta riƙa zura wasu siraran ƙarafa tana kwaso matacciyar jijiyar. Hanyoyi uku ta samu a ciki, kowacce sai da ta kankare ta, ta wanke da wani ruwa mai warin bilic. Ta sa magani, ta toshe da cikon wucin gadi. Da na koma bayan sati guda ta cike hanyoyin da wani abu kamar roba.

Wahalar tana wajen hangame baki sama da awa ɗaya. Muƙamuƙina ya gaya mini. Kwana uku ban iya tauna ta nan ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne kuɗi. Aikin ya ninka kuɗin cirewa sau da yawa, kuma sai da aka gama aka ce mini hular da ake kifa wa haƙorin lissafinta daban. Ba a yin sakaci da ita, don turmin da aka raraƙe yana iya tsagewa, amma da an faɗa tun farko da na shirya. Sai ƙarshen wata na sa ta.

Wata shida ke nan, ko ƙaiƙayi babu. Ƙuli-ƙuli ma ina ci ta wannan ɓangaren, ƙashin kaza ne dai har yanzu nake mayarwa dama.