Hasashen damina na NiMet: aikin masana ne, amma yana iske an rufe kasafi

Kowace shekara, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da kundin hasashen yanayin shekara, wanda ma'aikata suka fi sani da SCP. Kyauta ne, ana sauke shi a shafin hukumar, akwai kuma fassarar Hausa. Manomi na amfana da shi, amma masu yanke hukunci da shi su ne kwamishinan gona, hukumar agajin gaggawa ta jiha da ma'aikatar lafiya. Da idonsu muka auna shi.

Jigon kundin alƙaluma huɗu ne ga kowace ƙaramar hukuma: ranar faɗuwar damina, ranar ɗaukewar ruwa, tsawon kwanakin daminar, da yawan ruwan shekara a milimita. Sai taswirar wuraren da ake tsoron tsayawar ruwa a tsakiyar damina, hasashen zafin bazara, da gargaɗin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro.

Ranar faɗuwar damina ita ce abu mafi daraja a ciki, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ba ranar ruwan farko ake nufi ba. Ma'aunin da masanan yankin Sahel ke bi shi ne a samu kimanin milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada dogon fari ya biyo baya a cikin watan. Ruwan da ke zuba a Mayu a arewacin Katsina ko Yobe yakan jiƙa ƙasa, iri ya tsiro, sannan a yi mako biyu ko uku babu ɗigo, shuka ta ƙone, a koma neman wani irin lokacin da ya yi tsada. Jihar da ta raba iri da taki kafin ranar da aka hasasa, ba tare da ta gargaɗi mutane a rediyo ba, ita ma da hannunta a asarar.

Tsawon damina kuwa shi ke faɗa wa gwamnati irin da za ta saya. Idan teburin ya ba ƙaramar hukuma kwana 100, ba a ba da kwangilar masarar da ke nuna a kwana 120. Sai a nemi mai saurin nuna, ta kwana 80 zuwa 85, ko gero irin SOSAT da wake. Taswirar fari ma tana da aiki: ana zuba takin NPK wajen shuka ko jim kaɗan bayanta, yuriya kuma mako huɗu zuwa shida bayan shuka. In lokacin yuriya ya faɗa cikin kwanakin fari, takin yana zaune a busasshiyar ƙasa, sinadarinsa na bin iska. Malamin gona da ke riƙe da taswirar zai ce a dakata sai ƙasa ta yi laima. A nan kundin ya ci yabo.

Sai dai a san iyakarsa. Ƙananan hukumomi 774 ne, tashoshin auna yanayi na hukumar ba su kai ko kusa da haka ba, da yawansu kuma a filayen jirgin sama suke, tunda NiMet a ƙarƙashin ma'aikatar sufurin sama take. Ranar da aka rubuta wa ƙaramar hukumar da ba ta da tasha, daga maƙwabta aka lissafo ta. A ɗauke ta da sassauci, mako guda gaba ko baya. Na biyu, hasashen ya jingina sosai ga ɗumi ko sanyin ruwan tekun Pasifik, wato El Niño da La Niña, kuma sanin kowa ne a fannin cewa hango halinsu daga farkon shekara yana da rauni. A 2023 sai a watan Yuni hukumar yanayi ta Amurka ta tabbatar El Niño ya kankama. Wanda ya karanta kundin Fabrairu ya jefa a durowa, bai bi sabuntawar da ke biyo baya ba, tsohon labari yake aiki da shi.

Ambaliya ma ba aikin wannan kundi ba ce kai tsaye. Jimillar ruwan shekara ba ta nuna ko milimita 100 za ta sauka a dare ɗaya, ba ta kuma san lafiyar madatsa ba. Ɓallewar dam ɗin Alau da ta cinye Maiduguri a Satumban 2024 ta isa misali. Hasashen ambaliya na NIHSA ne, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, dole a haɗa nata da na NiMet a karanta.

Babban cikas ɗin ba na kimiyya ba ne. Yawancin gwamnoni na sa hannu a kasafi a Disamba, shawarar masana kuma ta iso bayan wata ɗaya ko biyu. Yashe magudanai, cire ciyawar kachala daga kogin Haɗejia da ɗaga jinga duk aikin rani ne, kuɗinsu kuma sai an tanada tun kafin a san me hasashen zai ce. A 2022 gargaɗi ya fita da wuri, amma ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallansu, Jigawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Kundin shawara ce kawai; ana taron ƙaddamarwa a Abuja, a yi jawabai, kowa ya kama gabansa. Maganin da muke gani mai sauƙi ne: jiha ta ware wani kaso a kasafi wanda ba a sakinsa sai bisa abin da hasashen ya nuna.

Batun 'yancin kai fa? Hukumar ta gwamnati ce, minista ke ƙaddamar da kundin, kuma ita ke auna dacewar hasashenta na bara da kanta, kamar ɗalibi ya yi wa kansa maki. Ba zargin coge muke yi ba, amma da za a ba Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ko Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero alƙaluman tashoshin su tantance, da amincewa ta ƙaru. Kafin nan akwai ma'auni na biyu: cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai tana haɗa masanan ƙasashen Sahel wajen watan Afrilu su fitar da hasashen bai ɗaya, a sigar yiwuwa uku: ruwa sama da yadda aka saba, daidai, ko ƙasa. Inda biyun suka dace, jiha ta saki kuɗin iri. Inda suka saɓa, a raba odar gida biyu, a ƙara kason mai saurin nuna, a bar ranar shuka ga hasashen kwana uku da NiMet ke fitarwa a kai a kai.