Na'urar tayar da batir da na tafi da ita Agadez cikin hunturu

Motata otomatik ce, irin wadda in batir ya mutu ko ƙarti goma za su tura ba za ta tashi ba. Shi ya sa da bikin 'yar uwarmu ya taso a Agadez cikin watan Janairu, na je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman safaya taya da fambel, mai shago ya ciro mini wata 'yar na'ura da ba ta wuce girman ƙaramin rediyo ba. Tana tayar da batir, tana hura taya, ga tocila, ga wurin cajin waya. Ya rantse mini caji ɗaya tana tayar da mota sau goma. Kuɗinta kun san yadda kaya suke yanzu, na dai biya ina ƙunƙuni.

Kawu da ya gan ta dariya ya yi, ya ce, "Kai yaro, da wannan abin wasan za ka shiga daji?" Shi shirinsa jarka biyu ta ruwa, bargo uku, da ɗan risho na shayi.

Muka bi ta Daura, muka tsallaka iyaka a Kongolam, muka wuce Matameye, muka kwana Damagaram. Daga nan zuwa Agadez kusan kilomita 450 ne, kuma in ka wuce Tanout gari sai jefi-jefi. Mun makara wajen tashi, ga hazo ya rufe hanya, ga ramuka, dare ya same mu kafin Aderbissinat. Muka raɓe gefen wani ƙauye inda manyan motoci ke kwana. Nan na yi wautar da har yau Kawu ke yi mini gori a kanta: na kashe injin, na bar fitilar ciki a kunne, wayoyi uku na jone suna caji, barci ya kwashe ni.

Da asuba ruwan alwala kamar ƙanƙara, yatsuna har ba sa lanƙwasuwa. Muna idar da salla na ga direbobin nan duk sun tashi tun da duhu, ba kowa sai mu da awaki. Na murɗa makulli, sai ƙat-ƙat-ƙat, shiru. Na sake, fitilun gaban sitiyari suka yi ja-ja suka mutu. Waya ba sabis. Wallahi duk sanyin nan sai da na ji gumi a bayana.

Na buɗe but na ɗauko na'urar, wadda na cika ta taf a Damagaram, sai na ga fitila biyu kacal ke ci cikin huɗu. Na maƙala jan baki a kan batir mai alamar ƙari, baƙin a ɗaya kan, na murɗa. Injin ya yi nishi sau ɗaya ya kwanta. Na fara tsine wa mai shago a zuci. Kawu yana tsugune gaban rishonsa, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Sa ta cikin rigarka ta ji ɗumi. Batir ba ya son sanyi, mu a da na tocila a rana muke shanyawa." Na cusa ta ƙarƙashin rigar sanyi, a jikin cikina, na zauna na sha shayi kofi biyu ina jin kunya kamar mai goyon jariri. Bayan kamar minti 20 na ciro ta, fitila uku. Na sake maƙalawa, na ce bismillah, murɗawa ɗaya mota ta ɗauka. Kawu ya miƙe da kofi a hannu yana cewa, "Ashe abin wasan na da rana!" A wannan lokacin da mai shagon na kusa da na rungume shi. Ba don ita ba, Allah kaɗai ya san awa nawa za mu yi muna jiran mai wucewa.

To da a nan labarin ya tsaya, da na ce kowa ya je ya saya. Amma muna wuce Aderbissinat tayar baya ta fara sacewa a hankali, na ce bari famfon ya nuna nasa aikin. Ƙara kamar injin markaɗe, minti goma na'urar tana kuka taya ba ta ko miƙe ba, jikinta ya yi zafin da ba a iya taɓawa, sai robar bututun ta saki daga gindi, iskar da ta shiga ta dawo waje. Cajin ma ya sauka zuwa fitila ɗaya. Dole muka kafa jak cikin yashi da iskar nan mai tsinken fuska muka sa safaya. Kuma yanzu da nake rubutu na tuna, wayoyin maƙalawar nan ba su fi taƙi ɗaya ba, sai da na ɗora na'urar a kan injin Kawu na riƙe da ita don kar ta faɗa ciki. Wa ke ƙera abu haka? Sau goman da aka rantse mini kuwa, sau biyu na gwada ta kusa ƙarewa. Takardar bayanin da ke cikin kwalin da rubutun China take, babu inda na gane an ce kar a bar ta ta kwana cikin sanyi.

Da muka dawo Kano na kai wa mai shagon bututun, ya juya shi ya ce kayan lantarki ba a mayarwa, wai ni na bar ta ta yi zafi. Ban tsaya jayayya ba. Famfo na ƙafa na riga na saya a kasuwar Agadez, shi ya dawo da mu gida. Ita kuma tana nan ƙarƙashin kujerata, naɗe cikin tsohuwar hular sanyi, duk ranar Juma'a nake cajinta.