Karen Turawa ko na ruga: wanne za ka fara da shi?

Ɗan'uwa mai tambaya daga wajen Gumel, ka ce kana da tumaki da awaki, kana so ka fara kiwon karnukan garke har ka riƙa sayar da ƴaƴansu, amma ka rasa zaɓi tsakanin Jaman Shefad da aka yi maka tallarsa a Kano da irin karen da kake gani a ruga. Na riƙe duka biyun, ga abin da na gani.

Aikin kare a garke iri biyu ne, akwai kora akwai gadi. Karnukan Turawa da ake kira na kiwo, asalinsu na kora ne. Irin da ake kira Boda Koli daga kan iyakar Ingila da Sukotland yake, makiyayi na yi masa fito daga nesa, shi kuma ya zagaye tumaki ya tattaro su. Tun 1873 ake gasar wannan aikin a ƙasar Wales. Jaman Shefad kuwa wani hafsan soja ne, Max von Stephanitz, ya fara yi wa irinsa rajista a Jamus a 1899. To mu nan dabba muryar mai ita take bi, yaro ɗaya da sanda ya ishi garke. Abin da ke hana mu barci shi ne ɓarawo da dila, kuma nan ne karen ruga ya yi zarra. Kwana yake a bakin turke, ganye ya motsa sai ya ɗaga unguwa.

Sai zafi. A watan Afrilu rana na wuce digiri 40. Jaman Shefad ɗina tun hantsi yake shigewa gindin darbejiya, harshe a waje, yana haki kamar zai shiɗe, na gida kuwa yana can bayan awaki. Gashin nan na Jaman Shefad mai kauri kuma maɓoyar kaska ce. Da damina sai na zauna na buɗe kunnensa ina cire su ɗaya-ɗaya, wasu sun ƙoshi sun yi kamar ƙwayar wake, kuma su ke kawo zazzaɓin da ke shanye jinin kare. Ga ciwon ƙugu da irin ya gada. Na ruga ƙanzo da tsala da ɗan ƙashi sun riƙe shi, wancan sai da nama ko abincin buhu.

Inda na Turawa ya fi shi ne kuɗi da saurin ɗaukar horo. Masu sayensa mutanen birni ne masu son gadin gida. Gasar nuna karnuka kuma sai da takardar asali ta iyaye da kakanni, wadda karen ruga ba shi da ita.

Kafin maganar ciniki ma, ka je wurin malaminka. Hadisi ya halatta riƙe kare don kiwo da noma da farauta, amma Risala ta kawo hani kan sayar da karnuka, ta ce an yi saɓani kan sayar da wanda aka halatta riƙewa. Wannan ba abin tsallakewa ba ne.

Ni dai shawarata, ka fara da karya ɗaya ta ruga, wadda ka ga uwarta tana aiki da idonka. Ka sa ta cikin tumaki tun tana ƙarama ta saba da warinsu. Kada a yi mata barbara sai ta girma sosai. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka. Rigakafin gudawar jini ga kwikwiyo daga mako shida da haihuwa, na haukan kare a wata uku, sannan duk shekara. Kwikwiyona na farko, mai sayarwa ya rantse an yi masa allura, ban nemi kati ba. Kwana huɗu yana amai da gudawa, ya mutu a hannuna. Ka nemi katin, ka kai wa likitan dabbobi ya duba.